Injiniya da Shakazobar Tifa

Ba wanda ya raɗa masa suna Injiniya, shi ya ba kansa, ranar da ya kwance fankar ɗakinsu ya mayar da ita, ta tashi tana juyawa baibai, tana zuƙar iska maimakon ta hura. Ya ce wa matarsa ai haka ake yinsu yanzu, zafin ɗakin take janyewa. 'Yan layi suka kama sunan, su da zolaya, shi kuwa yana amsawa da gaske har da gyara zaman hula. Yau in yana ba da labarin shakazoba, ƙarfen nan da ke hana mota rawa, shi yake fara dariya kafin kowa, amma a lokacin da abin yake faruwa babu wanda ya isa ya yi murmushi a gabansa.

Dakon kaya yake yi da mota. Yana da a-kori-kura fara, wadda ta tsufa har farin ya gaji ya koma ruwan ƙasa, da wata 'yar tirela mai taya biyu da yake maƙalawa a ƙugiyar baya in kaya sun yi yawa. Matsalar ita ce, da zarar an maƙala tirelar sai bayan motar ya durƙusa, gaban ya ɗaga, fitilu su riƙa haska rassan bishiyoyi. In kuwa ta taka rami, sai ta yi ta rawa har a kai kwana ta gaba ba ta daina ba. Injiniya ya ce laushi ne irin na manyan motoci.

Matarsa, wadda kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, tela ce. Shekara tara tana ɗinki a kusurwar ɗakin kwana, tsakanin gado da taga, sai bana ta samu shago a ƙasan gangaren da ke bayan asibiti. Za a kwashe kaya ranar Asabar: kekunan ɗinki uku, tebur, buhunan yadi, mutum-mutumin roba guda uku irin waɗanda ake sa wa riga a ƙofar shago, sai kuma madubi.

Madubin nan shi ne maganar. Na tsohuwar da ta koya mata ɗinki ne, ya fi mutum tsawo, yana cikin firam na katako mai duhu. Ranar da ido ya sa tsohuwar ta ajiye almakashi, ta aiko mata da shi gida, ta ce kada ta kafa shi ko'ina sai a shagonta na kanta. Tsohuwar ta rasu bara ba ta ga shagon ba. Shekara shida madubin yana jingine a bayan sif, lulluɓe da zanin gado, ko 'yan biyu ba sa wasa ta wajen.

Ta gama shirinta tsaf. Ta ce sauran kaya su bi mota, madubi kuwa 'yan dako biyu za su ɗauke shi a hannu, ita tana biye da su, tafiyar rabin awa ce. Injiniya ya ajiye cokali.

"Maman 'Yan Biyu, a gidan mai mota za a fita da kaya a ka? Me kike so a ce da ni a layin nan?"

Ta ce ba ta damu da abin da za a ce ba, motarsa rawa take yi. Ya ce kafin Asabar zai mai da motar nan yadda za a ɗora kofin ruwa a bayanta a zagaya gari ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba ba. Ya yi ta magana har abincin ya huce. A ƙarshe ta yarda, ba don ya gamsar da ita ba, sai don ta ga abin ya taɓa masa zuciya. Sharaɗi ɗaya ta kafa: yayanta, wanda bakanike ne, ya fara duba motar.

Yaya mutum ne mai ƙarancin magana. Ya danna bayan motar da hannu biyu ya saki, ta yi sama da ƙasa sau huɗu kafin ta tsaya. Ya leƙa ƙasa, ya shafo mai a yatsa ya nuna wa Injiniya. Ya ce shakazoba biyun baya sun mutu, a sayo masu tsawo daidai da waɗannan, amma irin waɗanda aka yi wa mota mai jan kaya. Durƙuson kuwa, ya ce, ba laifinsu ba ne, sifirin ne ya gaji, kuma akwai yadda ake loda tirela: nauyi a kan tayoyinta, ɗan rinjaye ta gaba, ba a taɓa tara shi a baya.

"Shakazoba ba ta ɗaukar kaya," in ji Yaya, yana goge yatsa. "Sifirin ke ɗauka. Ita aikinta ɗaya, ta hana rawa."

Injiniya ya yi murmushin da ake yi wa mutumin da zamani ya bari a baya. Ya ce wannan tsohon karatu ne, shi ya kalli bidiyo goma sha ɗaya a waya. Yaya ya tambaye shi da wane yare ake magana a bidiyon. Ya ce bai sani ba, amma hannun mutumin yake kallo.

Washegari ya nufi shagon kayan gyara. Mai shagon ya tambaye shi samfurin motar da shekararta, ko kuwa ya zo da tsohuwar shakazobar a gwada. Injiniya ya ce shi ba ya aiki da lamba, da ido yake aiki. Mai shagon ya ciro iri biyu ya ɗora a kan kanta, ya ce wannan ta yau da kullum ce, wannan kuwa mai gas ce, ita masu jan tirela suke saye, kuma duk biyun za su shiga gurbinsu ba tare da gardama ba. Injiniya ya kafa ta farkon a ƙasa ya danna, ta shige. Ya danna ta biyun, ta ɗan yi taurin kai, sannan ta shige. Ya girgiza kai, ya ce abin da shi mutum ɗaya ya danne da hannu, ina zai iya da tirela?

A nan idonsa ya faɗa kan wasu guda biyu a jingine a lungu, baƙaƙe, kowace ta kai kaurin cinya. Mai shagon ya ce waɗannan na tifa ne, mai ɗaukar yashi. Injiniya ya jawo ɗaya da ƙyar, ya danna, ko gezau. Ya kwanta mata da ƙirji, ko gezau. Ya ɗage ƙafafunsa biyu daga ƙasa ya rataya a kanta, sai ta zame, haɓarsa ta bugi kantar shagon. Ya miƙe yana shafa haɓa, fuskarsa cike da farin ciki.

"Wannan ita ce shakazoba. Waɗancan kayan wasan yara ne."

"Maigida, motarka nawa take ɗauka, tifa nawa take ɗauka?"

"To ka gani. In ta riƙe tifa, tawa ai ko ji ba za ta yi ba."

Mai shagon ya kira maƙwabcinsa mai sayar da batir, ya ce don Allah ya tsaya ya zama shaida cewa ya faɗa, kuma in an fita da su ba a dawowa da su. Injiniya ya ɗauki hakan a matsayin girmamawa.

Ranar Alhamis aka yi aikin a ƙofar gida, don bai so ya kai garejin Yaya a cika shi da tsohon karatu. 'Yan layi suka fito da benci. A cikinsu har da Tsohon Direba, maƙwabcinsu, wanda ya yi shekara talatin a kan babbar mota kafin gwiwa ta sauke shi. Da aka cire tsohuwar shakazobar aka jera ta da sabuwar, sai aka ga sabuwar, ko an danne ta har ƙarshe, ta fi gurbin tsawo da taƙi guda. Ramin kusoshinta ma ya yi wa motar faɗi. Tsohon Direba ya ce ko makaho ya shafa ya san ba tata ba ce. Injiniya ya ce, "Baba, mota ce za ta saba da shakazoba, ba shakazoba ce za ta saba da mota ba."

Ya ɗaga motar da jak har jak ɗin ya ƙare, ya ƙara da bulo biyu, sannan ya aika aka kira mai walda ya yanke mazaunin ya ƙera wani. Mai walda ya duba, ya sake dubawa, ya ce shi dai walda aka ce ya yi, kuma yana so a shaida. Cikin kwana biyu Injiniya ya tara shaidu fiye da mai shari'ar gona.

Da aka sauke jak, bayan motar bai sauko ba. Ya tsaya can sama, gaba ya sunkuya, kamar kaza tana tsattsagar hatsi. Injiniya ya zagaya ta sau biyu hannu a baya. Ya hau bambar baya ya yi tsalle, motar ba ta motsa ba, gwiwoyinsa ne suka amsa. Ya ce a duba, ina rawar? Tsohon Direba ya ce rawa kam ta tafi, domin ba shakazoba ya sa mata ba, turaku biyu ya kafa mata.

Sai gwajin kofin ruwa. Ya cika kofi ya ɗora a bayan motar a gaban jama'a, ya ja a hankali zuwa ƙarshen layi, inda akwai tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Tayoyin gaba suka haye lafiya. Da na baya suka hau, sai aka ji kamar an jefar da buhun ƙarafa daga bene. Kansa ya daki rufin mota, ya ciji harshe, kofin kuwa har yau ba a gan shi ba. Amma rediyon motar, wanda ya shekara uku bai ce uffan ba, ya kama magana. Injiniya ya dawo da baya yana ƙure murya, ya leƙo ta taga, harshensa ya fara kumbura, ya ce a ji, ko lantarkin motar ma ya farfaɗo. Kofin, in ji shi, dama mara gindi ne.

Maman 'Yan Biyu ba ta ga gwajin ba, tana can shago tana wanke daɓe. Labarin da ya iso mata shi ne wanda ya kai mata da kansa, kuma a cikinsa babu kofi.

Safiyar Asabar aka fara lodi. Ƙugiyar motar ta yi sama yanzu, sai da mutum uku suka ɗaga hancin tirelar kafin ta maƙalu, ta tsaya a karkace, gabanta sama bayanta ƙasa. Aka sa kekunan ɗinki a gaba kamar yadda Yaya ya ce. Injiniya ya ja da baya ya ƙare wa motar kallo, ya ga kamar bayanta ya ɗan sauko da faɗin yatsa. Abin ya ɓata masa rai. Ya sa aka mayar da kekunan uku da tebur can ƙarshen tirelar, nan take bayan motar ya koma sama. Ya ce wannan shi ake kira daidaito. Mutum-mutumin uku, waɗanda ta riga ta sa wa sababbin riguna don buɗe shago, aka kwantar da su a saman buhunan yadi.

Madubin ita ta fito da shi da kanta, ita da maƙwabciyarta, naɗe cikin bargo biyu. Ta ce a shimfiɗa katifa a bayan a-kori-kurar tukuna. Injiniya ya ji kamar ta zage shi a gaban mutane. Ya ce katifa kuma ta me, bayan ga shakazobar tifa a ƙarƙashi? Ya kwantar da madubin a kan ƙarfen motar, daidai saman tayoyin baya, ya ce duk garin nan babu wurin da ya fi nan aminci. Ta dube shi, ta dubi motar da ke tsaye kamar za ta yi sujada. Ya ga tana shirin cewa a kira 'yan dako, sai ya rage murya yadda 'yan benci ba za su ji ba.

"Ki yarda da ni sau ɗaya."

Ta sake duban madubin. Sannan ta buɗe ƙofa ta shiga gaba ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya. Wannan yardar, in ji Injiniya, shi ne abin da ya fi damunsa in ya tuna, don da ta yi masa faɗa da ya samu abin kare kansa.

Tudun ƙarshen layi ya bi ta gefensa, taya ɗaya a kwata, ya ce gajeriyar hanya ce. A kan titi kuwa kowane ɗan tsakuwa sai da ya gaishe su. Haƙoransu suna kaɗawa, madubin gefe ya sunkuya, murfin aljihun gaba ya buɗe ya zubo mata takardu a ƙafa. Ta tambaye shi ko haka sabuwar shakazoba take. Ya ce tana saba wa hanya ne, zuwa gobe za ta yi laushi. Yaya, wanda ya ce zai same su a shago, ya ci karo da su a mahaɗar asibiti a kan babur ɗinsa. Kallo ɗaya ya yi wa tirelar ya fara ɗaga hannu yana cewa su tsaya. Injiniya ya ɗaga masa hannu shi ma, ya ce wa matarsa, "Kin gani, har Yaya ya yaba."

Sai gangare. Motar ta ɗan ƙara gudu, tirelar da aka tara wa nauyi a baya ta fara kaɗa gindi, dama, hagu, dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi. Sitiyari ya yi sakayau a hannunsa. Ya murɗa dama, tirela ta yi hagu ta ja bayan motar. Ya taka birki, abin ya ƙaru. Masu babura suka watse, wata mai sayar da lemo ta bar tirenta ta haye baranda. Maman 'Yan Biyu ba ta yi ihu ba, ta dai juya tana kallon bargon ta gilashin baya. Rediyo kuwa yana ta bayanin yanayin sama.

A ƙasan gangaren, daidai ƙofar sabon shagon, akwai wani tudun rage gudu. Injiniya ya sha wucewa ta kansa, amma a ranar ya manta da shi sarai. A ƙofar shagon kuma mata sun kai ashirin, ƙawayenta da masu kawo mata ɗinki, sun zo taya ta jera kaya.

Ƙarar da aka ji biyu ce. Ta farko waldar ce ta ɓalle, bayan motar ya faɗo ta gefe guda, shakazobar tifa ta fito ta ƙarƙashi tana gungurawa a titi. Ta biyun ba ta kai ta farkon ƙarfi ba, daga cikin bargo ta fito. Tirelar ta juyo ta tsaya a gicciye, ta watsar da mutum-mutumin uku a tsakiyar titi cikin sababbin rigunansu, ɗaya babu kai, ɗaya hannu ya yi nasa wuri.

Titi ya rikice. Wata mata ta ɗora hannu a ka tana salati, wani ya ruga asibiti ya kira masu gadon ɗaukar marasa lafiya, wani dattijo ya cire mayafinsa ya rufe mara kan, yana cewa a kawar da yara. Sai da Yaya ya iso ya ɗaga ɗaya da hannu ɗaya ya ƙwanƙwasa shi a ƙasa, sannan salati ya koma dariya. Dattijon ya karɓi mayafinsa yana faɗa, ya ce a nuna masa direban. Injiniya ya fito, ya buɗe baki zai yi bayanin cewa waldar ce ba ta yi kyau ba, harshen ya ƙi ba shi haɗin kai. Abin da ya fito ko shi bai gane ba.

Maman 'Yan Biyu ba ta kalli kowa ba. Ta zagaya bayan motar, ta ɗaga gefen bargon. Matan da ke dariya suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya, don duk sun san madubin waye. Firam ɗin lafiyarsa ƙalau. Abin da ke cikinsa ne ya zama gutsattsari, Injiniya ya leƙa ya ga fuskarsa wajen arba'in, babu ko ɗaya mai kama da ta injiniya. Ta zaro yanki mafi girma, wanda bai wuce faɗin faranti ba, ta goge shi da gefen gyalenta ta shiga shago da shi. Bai taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, kuma ya san ba shi da wanda zai ɗora wa.

Yaya ya tare shakazobar da ƙafa kafin ta faɗa kwata. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya dai tambaye shi ko bidiyo na goma sha biyu ya yi bayanin yadda ake janye mota daga tsakiyar titi.

Ranar Litinin shago ya buɗe. Motar tana garejin Yaya, ana jiran shakazoba mai gas, daidai tsawon tsohuwar, da sabon sifirin, don haka Injiniya ba shi da aikin yi. Maman 'Yan Biyu ta samo masa. Ta naɗe gefen yankin madubin da ƙyalle don kada ya yanki hannu, kuma tunda faɗin faranti ba ya nuna mutum gaba ɗaya, dole wani ya riƙe yana bi da shi daga wuya zuwa ƙafa. Firam ɗin kuwa ta sa an kafa shi a bango haka nan, babu komai a ciki, a wurin da ta auna masa tun ranar da ta karɓi mabuɗi. Ya ce zai sa a yanko wani gilashin a saka. Ta ce to, amma duk biyun sun san ba zai zama madubin tsohuwar ba.

Haka ya wuni a tsaye, madubi a gaban fuska, kai a sunkuye. Wannan ta ce sama kaɗan, waccan ta ce ƙasa, wata mai jiki ta ce ya ja da baya har sai da ya fita ƙofar shago. Tsohon Direba ya zo musamman da sandarsa, ya zauna ya ce shi ba ɗinki ya kawo ba, kallo ya zo. Wajen la'asar hannuwan Injiniya suka fara karkarwa, wata mai gwada riga ta ce ita fa ba ta ganin komai sai silin.

Maman 'Yan Biyu tana durƙushe tana kama bakin rigar, allurai a leɓenta. Ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗago ba.

"Baban 'Yan Biyu, ba a ce ka ɗauki kayan kowa ba. Aikinka ɗaya ne."

Ya gyara tsayuwa, ya matse gwiwar hannu a jiki, ya riƙe numfashi. Madubin ya daina rawa.